Kurakuran masu renon yara a ƙauye: kunu tsararo da "kowa ya zauna"

Duk sabuwar mai reno da ta buɗe wuri a ƙauye, tun kafin na shiga na san abin da zan tarar: bokitin kunu tsararo, ga yara jere a tabarma an ce kowa ya naɗe hannu. Bakina ya gaji da faɗa, shi ya sa na rubuta.

Kunun nan shi ya fi ci mini rai. Gero ya yi tsada, yara sun yi yawa, sai a ƙara ruwa don ya ishi kowa. Cikin ɗan shekara biyu ɗan ƙarami ne, ƙanwata. Kin cika shi da ruwa, ya daina kuka, amma jiki bai samu komai ba. Ɗebo a cokali ki karkata: in ya zube nan take, bai yi ba, sai wanda yake saukowa a hankali. Gero zalla ma, ko da kauri, bai wadatar ba. Ni ina soya gero mudu 6, waken soya mudu 3, gyaɗa mudu 1, kowanne daban, sannan a niƙa tare. Shi ne garin da ake kira Tom Brown. Idan an sauke, in zuba cokalin manja da garin zogale, ranar kasuwa kuma in ƙara dakakken busasshen kifi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ki tsince ki zubar, don suya ba ta kashe gubar da ke cikinta, kuma hanta take lalatawa.

Sai zuba wa yara a kwano ɗaya. Wannan na ga abin da ya haifar. Akwai wata yarinya a wurinmu, mai sanyin hali, ana haɗa ta da manya. Kullum kwano na dawowa a suɗe, mai rabo ta ce "sun cinye tas". Su wa suka cinye? Sai da gashin yarinyar ya fara ja, ƙafafunta suka kumbura, aka kai ta asibiti aka ce tamowa ce. Ta warke, alhamdulillahi, amma iyaye da dama sun janye 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Kowane yaro da kwanonsa, ki zauna ki ga abin da ya shiga bakinsa. Ki roƙi ma'aikaciyar lafiya ta koya miki awon dantse da tef ɗin nan mai launi, na yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, asibiti a ranar, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, shi ma ba na zama ba ne.

Haba jama'a, wa ya ce zaman shiru shi ne tarbiyya? A tara 'yan shekara uku tun hantsi har azahar, wanda ya motsa a ɗaga masa tsumagiya! Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki minti 180 a yini, 60 daga ciki na guje-guje da tsalle, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere. Mu da muke da fili kyauta, me ya hana? Ni da sanyin safiya nake fitar da su, kafin rana ta yi zafi: gaɗa, ɓuya, gara taya a inuwar darbejiya. 'Yan mata ma su yi gudu, kada a bar su da goyon ƙannensu. Jariri kuwa a sauke shi daga baya, a kifa shi a tabarma yana farke, kina kusa, jimillar minti 30 a yini.

Sauran a taƙaice. Shayi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Zuma ba ta wanda bai kai shekara ba ce. Gyaɗa guda-guda tana shaƙe ƙanana, a niƙa ta. Wajen wanke hannu, kada kowa ya tsoma hannu a roba ɗaya, a zuba musu da buta da sabulu. Mai gudawa ba a hana shi abinci ko nono. A ba shi ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari, da maganin zinc, a kuma sanar da uwarsa tun kafin lokacin tashi.