Yadda za ka duba ko ƙwayoyin ƙasa na ciyar da wakenka

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Amma wake da gyaɗa da waken suya suna da abokan hulɗa a ƙasa, wasu bakteriya da ake kira raizobiyam. Su shiga saiwa su yi ɗaki, wato ƙananan ƙululu, shuka ta ba su sukari, su kuma su mayar mata da iska taki. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware su a 1888.

Bayan mako biyar zuwa shida da shuka, zaɓi gindi biyar daga sassa daban-daban na gona. Kada ka fizgo, ƙululun za su zube a ƙasa. Sa fartanya ka haƙo da ƙasarsa, ka tsoma a bokiti, ka girgiza a hankali.

Za ka ga ƙananan ƙululu manne da saiwa. Na gyaɗa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, na wake sun fi girma. Murza ɗaya da yatsa. Idan ya ɓalle daga gefe, na kirki ne. Idan saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan ɓarnar ƙananan tsutsotsin ƙasa ce.

Sai ka sa reza ka tsaga. A nan maganar take. Ja ko ruwan hoda a ciki, aiki na tafiya. Jan nan wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, yana kama iskar oksijin don kada ta ɓata aikin. Fari, ko dai bai nuna ba, ko kuma ci kawai yake. Kore, ya tsufa.

Idan ƙululun sun yi ƙaranci, rage yuriya. Abin da ke damuna ke nan, mutum ya zuba wa wake yuriya da yawa, shukar ta ƙoshi ta daina karɓar baƙinta. Takin supa suka fi so. Waken suya kuwa, a gonar da ba a taɓa shuka shi ba, cuɗa irin da garin bakteriya kamar NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Yi haka a inuwa, ka shuka a ranar, don rana na kashe su.

In ka girbe wake, bar saiwar a kunya, baɗi ka sa masara ko dawa.