Kurakuran da aka fi yi wajen kafa rumfar injin yankan katako da katakon da ka yanka da kanka

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya duk shekara. Da zarar ruwan farko ya sauka sai ka ji wane iska ta yaye masa kwano, wane rumfarsa ta durƙusa, wane kuma dirka ta karye rufin ya sauko kan inji. Kuma in ka je ka duba ba wani sabon abu ba ne, kuskuren da na gaba ya yi shi na baya yake maimaitawa. Mutum ya sha wahala ya tara kuɗi ya sayi inji, ko ƙaramin Wood-Mizer ɗin nan ko tsohon babban injin nan da ake kira CD da aka kwanto daga kudu, ya kawo ya kafa, amma rumfar da za ta kare masa wannan dukiyar sai ya yi ta a gurguje cikin sati ɗaya don yana sauri ya fara cika oda.

Tushen abin dai ɗaya ne, katakon naka ne ba saye ka yi ba, shi ya sa kake raina shi. Mai kyau a loda a mota a kai Na'ibawa ko wata kasuwar 'yan katako, wanda kwastoma ya ƙi ɗauka, mai ɓawo a gefe, mai tsaga, mai ido wato gurbin reshe, wanda ya murɗe, shi za a tara a ce a yi rumfa da shi. Malam, yankan farko mafi kyau da injin nan zai yi naka ne, na rumfar ne. Ka zaɓi gumaguman da suka fi miƙewa ka ware su tun kafin ka sayar da ko falanki ɗaya.

Sai maganar ɗanyen katako. Yau an yanka gobe an buga kusa, ruwa na tsattsafowa a kan guduma. Katako in yana bushewa ba ya raguwa a tsawo sosai, a faɗi da kauri yake tsukewa, falankin inci 12 zai iya rasa kusan rabin inci, kuma kusar da ka buga a ɗanye in ya bushe sakinta yake yi, ka sa hannu ma wani lokacin ka zaro ta. Ni yadda nake yi, ina yanka na rumfa a ƙarshen damina, in jera su a inuwa a kan bulo sama da ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi, tsakanin kowane layi in sa siraran sanduna busassu duk bayan ƙafa biyu, kuma sandunan su hau layi ɗaya daga ƙasa har sama, in ba haka ba kai da hannunka ka lanƙwasa katakon. A sama in ɗora tsohon kwano da duwatsu. Bakin katakon duka biyu in shafe da ragowar fenti, saboda hunturunmu ba ya wasa, ta baki yake fara zuƙe ruwan sai ka ga katako ya dare kamar ƙafa guda. Kar ka shanya a tsakiyar rana wai don ya yi sauri. Malaina kuma ka yi haƙuri da ita, waje ya bushe ciki na nan jiƙe, tana daɗewa fiye da yadda kake zato, amma in ta bushe tana zama lafiya. Itacen turare matashi kuwa murɗewa yake ko me ka yi masa, ni ba na sa shi a rafta, wato katakan da ke ɗauke da rufi.

Na san wasu za su ce to ina za a ajiye injin kafin katakon ya bushe? Tamfol mana. Dirkoki masu kauri kam ba za ka jira su bushe har ciki ba, waɗannan ana kafa su da sauran danshi, amma da bol da noti ake ɗaure su ba da kusa ba, bayan hunturun farko ka ɗauki sufana ka zagaya ka sake ɗaure kowanne, za ka sha mamakin yadda suka saki.

Yanzu bari in zo kan wanda yake ɓata min rai da gaske, binne dirka a ƙasa. Wannan ya ci min dukiya. Rumfata ta farko da malaina da maje na yi dirkokin, na haƙa rami ƙafa uku, na shafe gindin da baƙin mai, na zuba kankare na kewaye, kowa ya zo ya gani ya ce aiki ya yi. Kankaren nan shi ya zama kofi yana riƙe ruwa a gindin itacen duk damina, gindin ya ruɓe, gara ta samu hanya ta ƙasa ta shige ciki ta ci cikin ta bar fatar waje sumul ko alama babu. Ranar da abin ya bayyana wani yaro ne ya jingina gungume da dirkar kusurwa, sai dirkar ta lotsa. Da muka bi sauran da tsinin adda duk haka suke, rufin kawai yake riƙe da juna. Sai da muka dakatar da aiki ana tsakiyar kasuwa, muka kwance kwano muka sake komai daga ƙasa, ga kuɗin lebura ga odar mutane da na mayar musu da kuɗinsu. Shi ya sa in na ga sabon shiga yana haƙa rami yana jefa malaina raina yake ɓaci, kuma in ka yi magana sai ya ce ai ya shafa baƙin mai. Baƙin mai ba maganin gara ba ne ɗan uwa, fatar waje kawai yake taɓawa, ruwa biyu uku ya wanke shi ya gurɓata maka ƙasa, ga shi yana jan wuta. Kuma ka tuna wajen somil, wato wajen yankan katako, gidan abincin gara ne, ga dusar katako ga ɓawo ga guntaye ko'ina a zube, kai ka kira ta da kanka.

Abin da nake yi yanzu, itace ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Ina zuba ɗan ginshiƙin kankare ya fito sama da ƙasa ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tun yana jiƙe in dasa faffaɗan ƙarfe biyu a ciki, dirkar ta zauna a tsakaninsu in huda in zura bol biyu, kuma in bar 'yar tazara ko in sa guntun ƙarfe a ƙarƙashi don kar gindin ya zauna cikin ruwa. Amfanin wannan ba wai gara ba za ta iya hawa ba ne, za ta hau, amma dole ta gina hanyarta ta laka a jikin kankare inda idonka zai gani ka kankare ka zuba magani. Gindin da duk inda aka yanka ko aka huda ina shafa maganin katakon nan Solignum har sau biyu. Dirka kuma in da hali ka nemi kirya ko kawo ko marke ko tik, 'yan wajen Nimbia a kudancin Kaduna kun fi kowa sanin tik. Kirya ai kowa ya san ta, ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, za ta cinye maka zarto amma ta biya ka. Kuma ko a cikinsu jan cikin nan mai duhu shi ne mai ƙarko, farin gefen nan na kusa da ɓawo ko na kirya ne ƙwari na ci, ka yanke shi ka zubar. Akwai tsofaffin da suka rantse da ƙona gindin itace a binne, ina girmama su, amma ni ban ƙara binne komai ba.

Na biyun da ya kai wannan zafi shi ne babbar ƙofar da ake shigo da gumagumai. Yawancin abin da muke yanka ƙafa 12 ne, to ƙofar dole ta wuce haka, ƙafa 15 ko 16 babu dirka a tsakiya, don gungume ya gangaro a kwance ba sai an yi ta juya shi ba. A nan ake yin aika-aika. Wasu su matse dirkoki ƙafa goma-goma sai an gama a ga gungume ba ya shiga, sai a ɗauko zarto a cire dirka ɗaya a bar rufin haka nan. Wasu kuma su ɗauko tubaisis, wato katako mai inci biyu da inci shida, guda biyu na ƙafa 12 su haɗa su a tsakiyar ƙofar da guntun falanki da kusoshi. Haba jama'a! Mahaɗin bim, wato katakon da ke kwance a kan dirkoki, a kan dirka yake zama, ba a sararin sama ba. In injinka bai kai ya yanka ƙafa 18 ba ka ƙara masa layin dogon da kan injin yake tafiya a kai ko ka je inda ake yanka dogo ka saya, wannan katako ɗayan bai kamata a yi masa rowa ba. Kuma ƙarfin bim a tsayinsa daga ƙasa zuwa sama yake in an kafa shi a gefe, ba a faɗinsa ba. Tubaisis biyu ka jera su gefe da gefe ƙarfin hana lanƙwasa ya ninka biyu ne kawai, amma tubaituwel, mai inci biyu da inci 12, ɗaya a tsaye ya ninka tubaisis ɗaya sau takwas. Ni a ƙofar ƙafa 16 tubaituwel uku nake haɗawa da bol, busassu, marasa ido a gefen ƙasa, kuma wanda bai ƙunshi ɓargon tsakiyar itacen ba don nan ne yake tsagewa. In katakon yana da ɗan doro, doron ya kalli sama. In ƙofar ta wuce haka kar ka yi ta-ci-barkatai, ka sayi bim na ƙarfe ko ka nemi injiniya ya duba maka. Kuma don Allah kar a rataya cen-bulok a jikin wannan bim ɗin ana ɗaga gungume da shi, na ga inda aka yi haka, rufi aka yi shi ya ɗauka ba gungumen madaci ba.

Iska kuma mutane suna tunanin danne rufi take yi. Rumfar da ba ta da bango ta ƙasa iska take shiga ta ɗaga ta sama gaba ɗaya. Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, watan huɗu zuwa na biyar lokacin ƙasa a bushe ba abin da zai tare shi, shi ya sa ni gefen gabas nake rufewa da falanki ko kwano har ƙasa-ƙasa, babbar ƙofa kuma ba na buɗe ta ta can. Kowace rafta a ɗaure ta da langalanga a jikin bim, bim a ɗaure da dirka, dirka da ƙarfen kankare, kar a tsallake ko ɗaya. Sannan tokare, waɗannan gajerun katakan da ake sawa a karkace tsakanin dirka da bim, kowace kusurwa ta samu ta fuska biyu. Ka tura dirka da kafaɗarka, in ka ji rumfar ta motsa to aiki bai ƙare ba, ga jijjigar inji kuma kullum tana ƙara sassauta ta.

Sauran ƙananan ba sai na ja su ba. Rufi ya yi tsawo, ƙafa 10 zuwa 12 a gefen da ya fi ƙasa, saboda zafin kwano da hayaƙi da kuma ranar da za ka kwance kan inji. Kwano ya zarce dirka ƙafa biyu zuwa uku, feshin ruwa shi ke sa layin dogo tsatsa. Kusar kwano a kan tudun ake bugawa ba a cikin kwarin ba. Kafin ka haƙa komai ka ja igiya ka auna kusurwa da uku, huɗu, biyar, in ƙasa ta karkace kwano ba zai taɓa hawa daidai ba. Daɓen da inji zai zauna a kai ka zuba shi daban da na dirkoki kuma ka daidaita shi da tiyon ruwa, layin dogo in ya karkata kaɗan duk falankin da za ka fitar baki ɗaya kauri baki ɗaya siriri. Ƙasan rumfar ya ɗan fi waje tudu, a ja lambatu ta baya. Gefen da dusa ke fita a bar hanyar da baro zai wuce, mutane da yawa suna manne inji da bango sai yara su dinga kwasar dusa da kwano a durƙushe.

Wuta kuma ba ƙaramin abu ba ce ko da zan faɗe ta a taƙaice. Janareto da jarkokin mai a yi musu ɗakinsu daban nesa da tarin dusa, salansa ta fita waje kar ta kalli katako, wayar lantarki a cikin fayif ba a rataye a kan kusa ba, durom ɗin ruwa da bokitin yashi a bakin ƙofa, dusa a kwashe kullum da yamma kafin a tashi. Mai shan sigari ya fita can waje ko shi ne mai injin.

Akwai kuma masu zuwa su sare duk abin da suka gani don rumfa, har ɗorawa da kaɗanyar mutane. Ka je wajen malaman daji ka karɓi takarda, ka yi magana da mai gona da mai unguwa kafin ka sa zarto a gindin kowace bishiya. Madobiya ma ka bar ta gaba ɗaya, tun 2017 take cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe saboda yadda aka ƙarar da ita a Taraba da sauran wurare, in aka same ta a rumfarka bayani zai yi maka wuya, kuma ga kirya da marke nan za su yi maka aikin dirka ba tare da wannan ciwon kan ba.