Kafin ka ce MP ɗinka ya mutu

Wanda ya taɓa zama a bencin masu gyaran waya a Wunti, cikin garin Bauchi, ya san yadda zancen yake farawa. Mutum ya ajiye 'yar sifikarsa a tebur, ya ce, "Malam, duba min wannan, jabu aka sayar min." Mai gyara ya zare memori, ya sa nasa, sai ga karatu yana tashi raɗau. Ashe na'urar lafiyarta lau.

Memori ne ya fi ja wa mutane asara, don haka bari in daɗe a kansa. Akwai katin da aka rubuta wa 64GB a jiki, waya ma ta nuna 64GB, alhali cikinsa bai wuce 8GB ba. An yi wa ƙwaƙwalwar katin dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Da farko komai daidai. Ranar da abin da ka zuba ya zarce ainihin cikinsa, sai fayiloli su fara lalacewa: suna yana nan, ka danna, shiru. Ni ma na taɓa sayen irinsa a wani shago, na kwashe hotunan bikin ƙanwata na zuba, rabi suka tafi. Arha ce ta ja ni, kuma an ce araha ba ta ado. Maganin abin shi ne gwaji tun ranar saye. A kwamfuta akwai H2testw, wadda ke cika katin da bayanai sannan ta karanta su, ta gaya maka iya abin da ya ɗauka da gaske. Masu kwamfutar da ke aiki da tsarin Linux suna da F3. In ba ka da kwamfuta, ba mai turin waƙa na unguwarku ya cika shi taf, ka buɗe fayilolin farko da na ƙarshe kafin ka amince.

Wani lokacin katin na gaske ne, sifikar ce ba ta gane shi. Katunan da suka haura 32GB da tsarin exFAT suke zuwa, ƙananan MP da rediyoyin mota da yawa kuwa FAT32 kaɗai suka sani. Ko dai ka sayi 32GB ka huta, ko a yi maka fomat zuwa FAT32, amma ka kwashe kayanka tukuna, domin fomat shara yake yi. Ka kuma sani FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB.

Sai masu ganin girman fayil shi ne daɗin sauti. MP3 mai 128kbps yana cin kusan 1MB a minti ɗaya, wato tafsirin awa guda ya kusa 60MB. Muryar malami ba ta buƙatar fiye da haka. Rabinsa ma ya isa. Ɗaukar tsohon fayil a mayar da shi 320kbps kuwa ɓata wuri ne kawai, abin da aka yanke tun farko ba ya dawowa.

Yanzu ga inda muka fi yin musu a majalisarmu ta Yelwa. Mutane sun ɗauka duk manhajar da ba a biya ba, ita ce buɗaɗɗiya. Ba haka ba ne. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka fito da rubutun da aka gina ta da shi fili, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo, misali ne: ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniya a Faransa, aka sake ta ga kowa a 2001, kuma har yau ba talla a cikinta, ga shi da wuya ka ba ta fayil ta ƙi buɗewa. Audacity ma haka, ga mai son yanke sautin wa'azi ko rage ƙarar janareta. Android ɗin da ke hannunka a kan Linux yake zaune, shi ma buɗaɗɗe ne, Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991. Amma GBWhatsApp da 'yan uwanta da ake turawa ta Xender ba sa cikin wannan sahu. An taɓa su ne a ɓoye, ba ka san wanda ya taɓa ba, ba ka san abin da ya cusa ba, kuma WhatsApp na rufe lambobin masu amfani da su. Mai neman buɗaɗɗun manhajoji ya leƙa F-Droid, rumbun irin waɗannan manhajoji, ko ya sauke VLC daga Play Store ya duba sunan masu ita, VideoLAN, a ƙasa, don masu kwaikwayon tambarinta mai kama da hula ruwan lemo suna da yawa.

Batir kuma, daina jiran sai ya mutu murus kafin ka sa caji. Wannan shawarar ta zamanin batiran nikel ce. Na lithiyam zafi ne babban abokin gabarsa, ka kuwa san ranar Bauchi a watan Afrilu. Direbobin da ke barin sifika a gaban gilashi suna jiran lodi a tasha su ne ke dawowa da batir a kumbure. In ka ga bayan waya ya fara ɗagawa, cire ta daga caji, kada ka danne, kada ka huda, kai ta a canza batir ranar.