Yadda ake auna zubewar tsoka ga mai ciwon hanta da ya daɗe

Kuskuren farko da sababbin ma'aikatan asibiti ke yi shi ne dogaro da sikeli. Majinyacin da hantarsa ta ƙandare zai hau sikeli ya nuna kilo 62, a rubuta cewa bai rame ba, alhali wani kaso na nauyin ruwa ne a ciki da ƙafafu. Kafin komai ka cire ruwan: kashi 5 cikin 100 idan ruwan cikin kaɗan ne, 10 idan matsakaici ne, 15 idan cikin ya cika tim, sannan ƙarin 5 idan ƙafafu biyu sun kumbura. Mai kilo 62 ɗin nan, da cikakken ciki da kumburin ƙafa, ainihin nauyinsa bai wuce kilo 50 ba. Dubi gefen goshinsa da ƙashin wuyansa, nan ramar take fitowa fili.

Sai awon dantse, inda aka fi yin ɓarna. Ka ɗauki hannun da ba ya aiki da shi sosai, ka lanƙwasa gwiwar hannun, ka nemo tsakiya tsakanin ƙashin saman kafaɗa da tsinin gwiwar, ka yi alama da biro. Kada ka ƙiyasta da ido. Bayan haka ya saki hannun ya rataya, sannan ka zagaya tef ɗin a kan alamar, ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. Tef ɗin tela yana yi, in dai bai tsufa ya miƙe ba. Daga nan ka tsunkuli fata da kitsen bayan dantse, ka ɗaga su daga kan tsoka, ka matse da na'urar awon kaurin fata, sau 3, ka ɗauki matsakaicin.

Lissafin kewayen tsokar dantsen shi ne: kewayen dantse a cire kaurin fata sau 3.14. Matsalar ita ce na'urar tana ba da milimita, tef kuma santimita. Dantse mai santimita 24 da fata mai milimita 8: ka mayar da 8 ta zama 0.8, ka ninka da 3.14, ka samu kusan 2.5, ka cire, saura 21.5. Wanda ya manta da mayarwa zai cire 25 daga 24, ya tsaya yana kallon takarda. Mutum ɗaya ya riƙa yin awon duk zuwa asibiti, domin hannu biyu ba sa tsunkula iri ɗaya, kuma sauyin da ake gani daga wata zuwa wata ya fi lambar rana ɗaya amfani.

Ƙarfin damƙa ya fi sauri. A zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe, ya damƙe na'urar awon ƙarfin damƙa sau 3, a rubuta mafi girma. Ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ne. In babu na'urar, ya tashi daga kujera sau 5 hannuwa a ƙirji; ya wuce daƙiƙa 15, da matsala.

Hoton CT shi ne mafi inganci, amma da tsadarsa ba a tura mutum domin tsoka kawai. Idan an riga an ɗauka don neman ƙari a hanta, a yi amfani da shi: a auna faɗin duk tsokokin da ke daidai gaɓa ta 3 ta ƙashin baya na ƙugu, a murabba'in santimita, a raba da tsayin mutum a mita sau kansa. Ƙasa da 50 ga maza, ƙasa da 39 ga mata, tsoka ta zube. Auna tsoka ɗaya tal don gaggawa ba ya isa.

Amfanin duk wannan shi ne makin MELD, wanda ake auna tsananin ciwon hanta da shi, bai san da tsoka ba. Yana ma ruɗarwa, tunda kiriyatinin, sinadarin da tsoka ke saki a jini, yana cikin lissafinsa, mai ƙarancin tsoka kuwa nasa ƙasa yake, sai makin ya fito da sauƙi alhali mutumin yana cikin haɗari. Tsoka ce ke kwashe gubar amoniya daga jini idan hanta ta gaza, shi ya sa wanda ta zube masa ya fi saurin ruɗewar ƙwaƙwalwa, kamuwa da cututtuka da mutuwa yana jiran dashen hanta.

Da ka gano, kada a hana shi nama, wake ko ƙwai. Furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a rana kan kowane kilo na nauyin da aka cire wa ruwa, da abinci kafin barci, ko kunun gyaɗa ne da ƙosai. A sake awo bayan wata 3.