Yadda Za Ka Gyara Zamanka a Gaban Kwamfuta

A ofisoshin Abuja, daga Sakateriyar Tarayya har shagunan buga takardu na Garki, abin da na fi gani shi ne mutum ya ajiye laftof a kan tebur, ya duƙufa a kanta tun safe har La'asar. Wanda ya taso daga Nyanya ko Mararaba ma ya riga ya sha zama a gosulo kafin ya iso. Idan wuya ya riƙe, sai a ce sanyin iyakwandishan ne. Galibi zaman ne.

Fara da allon kwamfutar. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5, kuma duk sunkuyon da ka yi, naman wuya da na kafaɗa ne ke ɗauke da wannan nauyi. Ɗaga laftof ɗin har bakin allon na sama ya zo daidai da idonka, nisansa kamar tsawon hannunka. Ni rim biyu na takardar A4 nake sa mata a ƙasa. Sai dai da zarar ka ɗaga ta, dole ka nemi kibod da maus na daban, a kasuwar Banex da ke Wuse 2 ana samunsu. Wannan ya fi sayen kujera mai tsada amfani, a ganina.

Jingina sosai, ka naɗe tawul ka sa a ƙugu. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, in kujerar ta yi tsawo ka taka kwali. Gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki, kafaɗa a sake. Cire walat daga aljihun baya, kada kuma ka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

Duk kyan zama, in ya daɗe sai ya gajiyar da baya. Miƙe duk bayan minti 30, ko ruwa ne ka je ka sha. Tashin sallar Azahar kaɗai bai isa ba.

Abin da ke damuna shi ne masu haɗiyar maganin rage ciwo na diclofenac kullum, alhali yawan shansa na illa ga ciki da ƙoda. Idan yatsu suna mutuwa da dare, ko ciwon baya yana sauka ƙafa, je ka ga likita, zai iya tura ka sashen gashin ƙashi. In kuwa ƙafa ta rasa ƙarfi ko fitsari ya fara kufce maka, a ranar za ka tafi asibiti.