Kafin ki sayi man kitso ko shamfu, juya robar ki duba bayanta

Ranar Alhamis na raka ƙanwata kasuwar Dole zata sayi man kitso, ta ɗauko wata roba mai ƙaton hoton ƙwallon kaɗanya an rubuta karité da manyan baƙi, mai shago yace jikka uku. Nace mata ke juya min ita mu gani. Abu na farko a bayan robar Petrolatum, na biyu Paraffinum Liquidum, sai turare, ita kaɗanyar kuwa tana can ƙasa kusa da lambobin kala. Kenan basilin ne aka ɗiga ma ɗan man kaɗanya dan a samu damar saka hoton. Tace "yaya to ya akai kika gane?" Shine nace bari in rubuta kowa ta amfana, dan ni kitso ne sana'ata kuma wallahi yana min ciwo yadda muke zuba kuɗi akan hoto, gashi na karyewa muna cewa maiƙo ne bai isa ba.

Ki nemi wurin da aka rubuta Ingrédients, rubutun ƙanana ne sosai, ki ɗauke shi hoto da waya ki buɗa. Dokar jerin nan ita ce abinda yafi yawa shi ake fara rubutawa, a bi da mai bi masa har ƙasa, duk abinda bai kai kashi 1 cikin 100 ba kuma ana iya jera shi yadda aka ga dama a ƙarshe. Dan haka biyar ɗin farko su ne mafi yawan kayan. Sunayen kuma iri ɗaya ne ko daga Kano kayan suka shigo ko daga Faransa, ba sai kin iya faransanci ko turanci ba, haddace su zaki yi kamar sunan magani. Aqua ruwa ne. Butyrospermum Parkii man kaɗanya, Cocos Nucifera kwakwa, Ricinus Communis man zurma, Olea Europaea zaitun, Sesamum Indicum riɗi, Parfum turare. In kinga sunan man da ake talla ya zo bayan Parfum to ki san ɗigo ne kawai.

Shamfu ki duba abinda ke bin Aqua. Sodium Lauryl Sulfate shine mai ƙarfi, kumfa tuli, yana kwashe datti da maiƙo duka har gashi ya riƙa ƙara a hannu kamar an wanke kwano. Sodium Laureth Sulfate, ki lura harafi kaɗan ne ya raba su, yafi shi sauƙi, in kuma an haɗa shi da Cocamidopropyl Betaine ya ƙara laushi. Yanzu kowa na cewa a guji salfet, ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Mu da muke kwana biyu famfo bai kawo ba, sai an jira mai garuwa, kitso yayi sati uku a kai ana ta lafta masa mai ga ƙurar hunturu, shamfu mai sanyi bazai fidda wannan danƙon ba. Ki wanke da mai salfet sau ɗaya ranar tsifa, ki bi shi da abin laushi. Sabulun wanki da sabulun salo kuwa a bar su ga jiki da tufafi, fatar kai da gashi suna son ɗan tsami, awon pH ɗinsu, wato ma'aunin tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5 ne, sabulu kuma yana kai 9 zuwa 10, shi yasa gashi ke cukurkuɗewa bayansa mataji ya ƙi shiga.

Abin laushi na bayan shamfu, mai kyau zaki ga Cetearyl Alcohol ko Cetyl Alcohol a sama, kar kalmar Alcohol ta tsorata ki, waɗannan kamar kitse suke, su ke sa santsi. Wanda ke busar da gashi shine Alcohol Denat, yawanci a kayan fesawa yake. Ki nemi Behentrimonium ko Cetrimonium Chloride, su ke kwantar da gashi a taje ba ja. Dimethicone silikon ne, yana rufe gashi yasa shi ƙyalli, ba laifi amma yana taruwa sai shamfu mai ƙarfi ke cire shi. Wadda bata da kuɗin wannan ta jiƙa karkashi, yauƙinsa na warware gashi, iyayenmu da shi suka taso kuma har yau ina amfani dashi wa yara masu kuka wajen tsifa.

Sai maganar mai, nan ne aka fi yin kuskure. Mai baya jiƙa gashi, ruwa ke jiƙa shi, aikin mai ya tsare ruwan kar ya gudu. In kika shafa basilin akan busasshen gashi kin kulle bushewar ne a ciki, sama na ƙyalli ciki kamar kara. Shi yasa in roba biyu na hannunki, ɗaya ta fara da Aqua ɗaya ta fara da Petrolatum, ba kishiyoyi bane, aikinsu daban: ta farko ita ke shayar da gashi, ta biyu murfi ce. A fara da mai ruwa ko ki yayyafa ruwa zalla, sannan ɗan mai a sama. Shi basilin ɗin ba guba bane, a hunturu ma babu kamarsa wajen tsare ruwa, matsalar kawai yana kama ƙura kuma bai kamata ki biya kuɗin kaɗanya a baki shi ba. Gilisarin, Glycerin a rubuce, yana jawo laima daga iska, da damina sai kiji gashi luf, amma daga watan 12 zuwa na 2 iskar Damagaram ba laimar da zai jawo, dole ki rufe shi da mai a kai in ba haka ba aikin banza ne. Man kwakwa yana da abu ɗaya da sauran basu cika da shi ba, yana shiga cikin silin gashi, wani bincike da aka yi a Indiya a 2003 ya gwada shi da man sunfulawa da man farafin, shi kaɗai ya rage zubewar furotin ɗin gashi. Ki shafa shi tun dare kafin ranar wanki. Na gaskiya yana daskarewa in sanyi ya sauka, in kika ga naki yana nan tsululu da asubar hunturu ki yi shakka.

Man miƙar da gashi dan Allah a kula. Sodium Hydroxide sodar da ake yin sabulu ce, awon pH ɗinta na kai 12 zuwa sama. Wanda aka rubuta sans soude kuma, wato babu soda, mai ɗan ruwa a kwalba da ake haɗawa, Calcium Hydroxide ne da Guanidine Carbonate, yafi sauƙi ga fata amma shima yana ƙuna kuma yafi busar da gashi. An taɓa kawo min yarinya yar shekara bakwai ana gobe sallah, ƙeyarta duk ɓawon ƙuna gashin ya manne da ruwan ciwo, uwar tace "Hajiya ai na yara ne, hoton yarinya ne a kwalin." Ban iya yi mata kitson ba. In babba ce zata saka, sabon tsiro kawai ake shafawa, a bar aƙalla sati 8 tsakani, a zagaye goshi da kunne da basilin, kar a sosa kai kafin nan, a wanke da shamfun da ya zo cikin kwalin dan shi ke kashe ƙarfin sodar.

Rini ma haka, lalle na gaskiya Lawsonia Inermis ja yake bayarwa, duk wanda ya baƙanta cikin minti kaɗan ki duba p-Phenylenediamine ko PPD, shine ke kumbura ma wasu fuska. Ki ɗiga kaɗan bayan kunne ki jira awa 48.

Amosani ba'a kashe shi da yawan mai. Ki nema a farmasi shamfu mai Ketoconazole ko Selenium Sulfide, a bar kumfar minti 3 zuwa 5 a kan fata kafin a ɗauraye, sau biyu a sati. Makero a kan yara kuwa shamfu kaɗai baya yi, sai an je likita an bada na sha. Masu rubuta gashi zai kai baya cikin sati biyu kar ki yarda da su, gashi wajen santimita 1 yake fita a wata, abinda mai keyi shine hana shi karyewa har tsawon ya tsaya. In gaban goshi ne ke cinyewa ki fara sassauta kitso da rage nauyin mesh, dan jan ne ke tuge shi.

Ki duba kuma ɗan hoton roba mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 12M ko 6M, watannin da zai yi bayan buɗewa kenan, da zafin watan 4 da na 5 ma kar ki aje shi a taga. In ba jerin kayan haɗi sam a jiki kar ki saya. Sabon abu kuma ɗaya ɗaya ake gwadawa, sati biyu ko uku, dan in kai yayi ƙaiƙayi ki san wanne ne. Ƙanwata dai man kaɗanya na awo ta saya a wajen mata masu ƙwarya, da wani kirim mai Aqua da Cetearyl Alcohol a sama, har da canjin kabu-kabu ya rage mata.