Yadda ake kafa dokokin sarƙar rimis

Sarƙar rimis ita ce mutum ɗaya ya haɗa kiɗa, ya miƙa wa na biyu ya sauya masa fasali, shi ma ya miƙa gaba har a zagaye kowa. Yawancin waɗanda na ga sun fara ta a guruf ɗin WhatsApp ba sa wuce hannu na uku, saboda kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya san abin da ya kamata.

Da farko ku rubuta jerin sunaye, a san wa ke bin wa. Kada ku wuce mutum shida. Kowa a ba shi mako guda, wanda ya saɓa ba uzuri a tsallake shi. Ku faɗi haka tun ranar farko don kada gobe wani ya ce an ci masa fuska.

Mai farawa ya rubuta gudun kiɗan (BPM) da ki ɗinsa (key, wato matakin sautin da aka gina kiɗan a kai) a jikin sunan fayil, misali 100 BPM, A minor.

To ga inda sarƙa take tsinkewa: miƙa aiki. Kada kowa ya tura MP3 ƙwaya ɗaya. Duk sanda aka sake fitar da MP3 daga wani MP3 sauti yana ƙara lalacewa, kuma wanda ya karɓa ba zai iya zare ganga daga ƙarƙashin murya ba. Kowane layi a fitar da shi daban, ganga, bes, fiyano, murya, duka a WAV (nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba), a saitin 24-bit, 44.1 kHz. A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio akwai zaɓin Split mixer tracks wajen fitarwa, shi ke yin wannan aikin. Dukkansu su fara daga farkon kiɗan, ko da layin zai yi minti guda shiru, in ba haka ba na gaba zai kwana yana jera su. A kashe limita ta masta, wato abin da ke taƙaita ƙarfin sautin kiɗan gaba ɗaya. Murya kuma a turo ta iri biyu, mai eko da marar eko. Fayil ɗin aikin na FL kar ma ku gwada turawa, don sautukan da ke kwamfutarka ba lallai suna ta wanda zai karɓa ba.

Na san data za ta sha wuya. WAV na minti uku yana kai wa MB 48, layi goma kusan rabin GB ke nan. Ku ɗora a Google Drive, wanda ke ba da GB 15 kyauta, ku yi amfani da datar dare.

Dokata ita ce kowa ya bar abu ɗaya na wanda ya gabace shi, sauran ya yi yadda ya ga dama. Ban da yanko kiɗan wani mawaƙi, domin Content ID, tsarin YouTube mai gano kiɗan da ke da mai shi, zai iya kama shi ya jawo wa kowa matsala. Kason kowa, da wanda zai ɗora a Audiomack, da jerin sunayen da za a rubuta, duk a amince da su a rubuce kafin a buga gangar farko.